Tsatsar da Ba a Gogewa

Dattijon bai zare takobin nan take ba. Sai da ya shimfiɗa ƙyalle a kan tabarma, ya wanke hannu, ya ɗaga shi da hannu biyu daidai goshinsa, ya ɗan rusuna. Ni dai ban rusuna ba, shi ma bai nemi in yi ba. Abu biyu kawai ya ce abokin aikina, wanda ke mana tafinta, ya gaya mini: kada in taɓa ƙarfen da yatsa, kuma kada in yi magana bakina na saitinsa. Gumin hannu da ɗigon yawu, in ji shi, sun isa su haifar da tsatsa cikin 'yan kwanaki. Mutanen da har takarda sukan cije a baki idan za su duba takobi.

A wani gida ne a gefen birnin Okayama, lokacin da aiki ya kai ni Japan na wata uku. Da ya zare shi, shiru na yi ko ba a ce in yi ba. Ƙarfen ba walƙiyar madubi yake yi ba. Jikinsa yana da zane siriri kamar na katakon da aka fere, sannan wani farin layi yana bin bakin kaifin daga gindi zuwa tsini, yana hawa yana sauka kamar hayaƙi. Ya ce an ƙera shi a Osafune, garin maƙera da ke kusa da nan, kimanin shekara 500 da suka wuce.

Sai ya ɗauko wata 'yar guduma, ya ƙwanƙwasa wani ɗan tsinken gora da ke riƙe da ƙotar, ya zare shi, ya daki wuyan hannunsa da ɗaya hannun, ƙotar ta saki. Gindin ƙarfen da ke ɓoye a ciki ya fito baƙi ƙirin da tsatsa, sunan maƙerin a sassaƙe a jikinsa. Na kasa haƙuri. Na ce a tambaye shi: mutumin da ke tsoron tururin bakina, yaya zai bar wannan tsatsa haka? Ya ce wannan ita ce shekarun takobin. Masana suna duba launinta da kaurinta, da sawun magagarin da ke ƙarƙashinta, su gane zamanin da aka yi shi, su kuma gane ko sunan na gaskiya ne ko wani ne ya sassaƙa daga baya. Wanda ya goge ta ya goge shaidar, kuma babu mai iya mayar da ita.

A nan zuciyata ta koma gida. Kakana yana da takobi mai kuben jar fata, wanda ba ya fitowa sai ana gobe hawan Sallah. Ni aka ɗora wa gyaransa. Toka nake sawa da lemun tsami, in tsatsa ta yi taurin kai in haɗa da rairayi, in yi ta dirza har in ga fuskata a ciki. A tsakiyar ƙarfen akwai tambari biyu masu kama da jinjirin wata. Wata shekara ya karɓa ya juya shi, ya ce, "Aboki, watan nan fa yana neman faɗuwa." Ban gane nufinsa ba, na ɗauka yabo ne. Sai daga baya na karanta cewa Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda ake kawo ruwan takubba daga Solingen ta ƙasar Jamus ana yi musu ƙota da kube a nan. Wataƙila tambarin nan da ya gaya mana inda namu ya fito. Hannuna ne ya cinye shi, kuma da kyakkyawar niyya.

Tun daga ranar nan a Okayama nake bin tarihin takobin Japan, kuma abin da na fahimta shi ne, duniya ta fi yabon maƙerin, alhali maƙeri mako biyu ko uku ya yi yana aikinsa. Sauran ɗaruruwan shekarun na waɗansu ne.

Amma a fara ba maƙerin haƙƙinsa. Japan ba ta da wadatar dutsen ƙarfe, sai wani baƙin rairayi da ake tacewa daga ƙasa da bakin koguna. Shi ake narkarwa a murhun laka mai suna tatara, a samu ƙarfen da suke kira tamahagane. Kunnen Bahaushe zai ji "tama" a ciki, irin wadda kakanninmu ke haƙowa su narkar kafin ƙarfen Turawa ya kashe sana'ar. Dace ne kawai, domin a harshensu kalmar dutse mai daraja take nufi. A Okuizumo, cikin lardin Shimane, har yau ana hura irin wannan murhu a lokacin sanyi. Kwana uku dare da rana ana zuba gawayi ana zuba rairayi, wajen tan 10 na rairayi da tan 12 na gawayi, shugaban aikin yana leƙa launin wuta ta 'yan ramuka, barcinsa gyangyaɗi. A rana ta huɗu a rushe murhun gaba ɗaya, a jawo curin ƙarfe mai nauyin tan biyu da rabi zuwa uku, a farfasa, a zaɓi mai kyau. Kowane zubi sai an gina sabon murhu.

Maƙeri yana dukan wannan ƙarfe ya ninke, ya sake duka ya sake ninkewa. Za ka ji ana cewa sau dubu ake ninkewa. Ba haka ba ne. Sau goma sha ne, amma da yake kowane ninki yana ruɓanya na baya, ninki 15 ya kai falle 32,768. Dalilin ma ba wani siddabaru ba ne: ƙarfen yana fitowa da kashi a cikinsa, wani wuri ya sha gawayi da yawa, wani wuri kaɗan, ninkin ne ke fitar da dattin ya daidaita shi. Zanen katakon da na gani sawun wannan ninki ne. Daga nan a lulluɓe ƙarfe mai taushi da mai tauri, domin mai tauri zalla karyewa yake yi, mai taushi zalla kuma lanƙwashewa.

Ranar da ta fi kowace ita ce ranar tsomawa a ruwa. Maƙerin yana shafa wa ƙarfen laka da aka kwaɓa da garin gawayi da garin dutse, da kauri a baya, shafal-shafal a bakin kaifi. Ya jira dare, ko ya rufe maƙerar ta yi duhu, don da ido yake auna zafin. Idan jan ya kai inda yake so, ya cusa shi a ruwa. Bakin da lakarsa ba ta da kauri ya huce nan take ya yi tauri, bayan ya huce a hankali. Iyakar da ke tsakaninsu ita ce farin layin nan, hamon, kuma a wannan tsomawar ne ƙarfen ke ƙara lanƙwasa ya ɗauki siffar da duniya ta san shi da ita. Idan bakin ya tsage, aikin makonni ya tafi ke nan.

Takubban farko a Japan miƙaƙƙu ne, irin waɗanda suka zo daga Sin da Koriya. Mai lanƙwasa ya bayyana ne wajajen ƙarni na 10, lokacin da mayaƙa kan doki suka yi ƙarfi. Zamanin Kamakura, daga 1185 zuwa 1333, shi masana suka fi yabo. Sarki Go-Toba, wanda ya tayar wa gwamnatin mayaƙa a 1221 aka ci shi da yaƙi aka kai shi tsibirin Oki, an san shi da tara manyan maƙera a fada suna yi masa aiki wata-wata. Mongol sun kawo hari sau biyu, a 1274 da 1281, kuma a ƙarshen wannan ƙarni ne Masamune ya taso a garin Kamakura, wanda har yau sunansa ne farko a bakin kowa. Makarantun ƙira biyar aka fi lissafawa, da sunan yankunansu: Yamashiro, Yamato, Bizen, Soshu da Mino. Bizen tana cikin lardin Okayama na yau, kuma babu yankin da ya kai ta yawan takubba, har sai da ambaliyar kogin Yoshii ta share Osafune a ƙarshen ƙarni na 16.

Kada finafinai su ruɗe mu. A fagen fama baka da mashi ne ke yawan kisa, sannan bindiga, bayan Turawan Fotugal sun kawo ta tsibirin Tanegashima a 1543. A shekarun yaƙin basasa na wancan zamani ana ƙera takubba dami-dami, na sayarwa, har ana fitar da dubbai zuwa Sin. Yawancin waɗannan sun karye ko tsatsa ta cinye su, babu wanda ya yi kukansu.

A 1588 Toyotomi Hideyoshi, mai iko da ƙasar a lokacin, ya ba da umarni a karɓe makamai daga hannun manoma, yana cewa za a narkar da su a yi ƙusoshin ginin wani babban gunkin Buddha. Kowa ya san abin da ake nufi: manomi ya tsaya ga fartanyarsa. Da gidan Tokugawa ya kafa mulki a 1603, ƙasa ta zauna lafiya fiye da shekara 250, takobi biyu a ɗamara, dogo da gajere, suka zama alamar samurai, wato mayaƙan gado, kamar yadda rawani mai kunne biyu ke nuna ɗan sarki a wurinmu. Takobi ya koma abin kyauta tsakanin manya, abin gado, abin jingina idan talauci ya zo.

A wannan zaman lafiya ne mutanen da na fi damuwa da su suka fito fili. Gidan Hon'ami sun gaji washin takubba da tantance su tun kafin Tokugawa. Da yawa daga tsoffin takubba an rage musu tsawo daga gindi don su dace da sabon salon ɗaurawa, sunan maƙerin ya tafi da guntun da aka yanke, wasu kuma tun asali ba a sa musu suna ba, kamar akasarin na Masamune. To wa zai ce wannan na wane ne? 'Yan Hon'ami ne ke duba zanen ƙarfe da tafiyar hamon su yanke hukunci, su rubuta a takarda tare da ƙimarsa da zinariya, wani lokaci su cusa sunan da zinariya a gindin. A 1719 suka tsara wa Yoshimune, mai mulki na gidan Tokugawa, kundin shahararrun takubban ƙasar, kowanne da laƙabinsa da tsawonsa da hannayen da ya bi. Duk wanda ya san yadda marokanmu ke riƙe salsalar sarakuna zai gane irin wannan aiki.

Dattijon ya kai ni wurin wani mai washi da ya sani. Ɗaki ne ƙarami mai daɓen katako, da bokitin ruwa, mutumin a tsugune ya take wani lanƙwasasshen katako da ƙafa don ya danne dutsen. Shekara goma ake koyon wannan sana'a, ninki biyu na abin da doka ta ɗora wa maƙeri. Yana farawa da dutse mai kaushi, yana sauyawa zuwa mai laushi, kowanne yana share sawun na gabansa. Daga ƙarshe sai ya fasa wani dutse da ake haƙowa a wajen Kyoto, ya mayar da shi falle-falle kamar ɓawon albasa, ya manna wa takarda, ya riƙa bin ƙarfen da shi a ƙarƙashin babban yatsa, taƙi bayan taƙi. Takobi ɗaya yakan ci mako biyu ko uku, kuma da tsawon ƙarfe ake biyansa. Ƙarfen da ya fito daga maƙera dusu-dusu yake. Duk abin da ya sa na yi shiru a gidan dattijon, wannan yatsa ne ya tono shi.

Na ce a tambaye shi abin da ya fi wuya a aikin. Ya ce sanin inda zai tsaya. Dutse ci yake yi, ba ya ƙari. Fatar ƙarfe mai tauri da ke waje ba ta da kauri, kowane washi yana rage ta, kuma idan aka yi ta yi, wata rana ƙarfen ciki mai taushi zai leƙo, tabo-tabo. Irin wannan takobi suna ce masa gajiyayye. Saboda haka idan aka kawo masa mai ramin tsatsa mai zurfi, sau da yawa yakan bar ramin, don kafin ya kai ƙasansa sai ya cinye rabon wanda zai yi washi bayan shekara ɗari. Na daɗe ban ji maganar sana'a da ta shige ni kamar wannan ba. Mutum yana aiki yana ajiye wa abokin sana'ar da ba a haifi kakansa ba.

Abin da ke hana a kai takobi wurin mai washi kuwa aikin mai shi ne, kuma ba shi da wuya, naci yake so. Ba a ajiye shi a kuben ado mai fenti da fatar kifi da igiyar siliki. Yana da kuben hutu na farin katakon honoki, wanda ba shi da ƙaro mai cutar ƙarfe, an manne ɓari biyunsa da kunun shinkafa don a iya ɓare shi a share cikinsa. Bayan 'yan watanni a zare, a goge tsohon mai da takarda mai laushi, a shafa sabo kaɗan, wanda ke ƙamshin kanumfari, a mayar, a kwantar da shi kaifi na sama. Daminarsu ta Yuni da Yuli tana da raɓa ƙwarai, gumi har a jikin bango. Ka lissafa: sau uku ko huɗu a shekara, shekara 500. Hannu nawa ke nan? Waɗansu mayaƙa ne, waɗansu zawarawa, waɗansu barorin gida da ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Da an samu shekara goma a jere da kowa ya manta, da ban ga abin da na gani ba.

Sau biyu wannan sarƙa ta kusa tsinkewa. A 1876 gwamnatin Meiji, wadda ta maye gurbin gidan Tokugawa, ta hana yawo da takobi sai ga soja da ɗan sanda da masu kayan fada. Maƙera suka wayi gari babu mai saye, suka koma wuƙaƙen girki da almakashi da fartanya. Garin Seki na lardin Gifu, wanda yau wuƙaƙensa ke kasuwannin duniya, tsohon garin maƙeran takobi ne.

Na biyu ya fi muni. Da Japan ta miƙa wuya a 1945, sojojin mamaya suka ce a kawo duk makami, har da takubban gado. Ba zan ɓoye ba, takobin Japan ya yi ɓarna a wannan yaƙi. An sare wuyan fursunoni da fararen hula da shi a Sin da sauran ƙasashen da aka mamaye, kuma wanda ya ga haka ba za a ce masa ya tsaya kallon hamon ba. Amma umarnin bai bambanta takobin soja na masana'anta da na shekara 700 ba. Aka narkar da wasu, aka zuba wasu a teku, sojojin Amurka suka tafi gida da masu yawa a matsayin tsaraba. Mutane sukan ɗaura ɗan katako da sunansu da garinsu a jikin kuben, da fatan za a dawo musu da shi. A Disambar 1945 Tokugawa Iemasa ya kai takubban gidansu ofishin 'yan sanda na Mejiro a Tokyo, cikinsu har da takobin da ake kira Honjo Masamune, wanda sarakunan gidan ke gada hannu da hannu. Daga nan ba a sake ganinsa ba har yau.

Waɗansu masana, irin su Homma Junji da Sato Kanzan, suka yi ta bin hukumomin mamaya suna nuna musu bambancin makami da kayan tarihi, wani hafsan Amurka, Kanar Cadwell, ya saurare su. Aka ceto sama da 5,000 daga waɗanda aka tara a rumbun Akabane. A 1948 aka kafa ƙungiyar adana takubban fasaha ta Japan, a 1953 aka sake halatta ƙira, a 1977 ƙungiyar ta farfaɗo da murhun Okuizumo domin tamahagane ya ƙare a hannun maƙera. Yau wanda zai ƙera takobi sai ya yi shekara biyar a gaban malami ya ci jarrabawa, kuma dogo biyu kawai aka yarda ya yi a wata. Kowane takobi yana da katin rajista, kuma hukumar ilimi ta lardi ce ke bayarwa, abin da ya nuna a wane aji suka sa shi. A gidan tarihi na ƙasa da ke Ueno a Tokyo na tarar da layin 'yan mata a gaban gilashin takubba. Aka ce mini wasan kwamfuta ne mai suna Touken Ranbu, wanda ya fito a 2015, ya jawo su. Wasu tsofaffi na gunaguni. Ni ban ga abin gunaguni ba, tunda cikinsu ne za a samu masu shafa mai na gobe.

Na dattijon, mahaifinsa ne ya ƙi miƙa shi a 1945. Ya naɗe shi da tsumma mai maiƙo ya cusa a rufin rumbu, bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Shekara shida yana can. Da aka sauko da shi don yin rajista, tsatsa ta riga ta huda wuri ɗaya kusa da tsini. Ya nuna mini, ɗan baƙin ɗigo kamar ƙwayar gero. Mai washi ya ce a bar shi, aka bar shi.

Takobin kakana yanzu yana hannun yayana. Da na dawo na je na ce, "Yaya, ara mini takobin Baba Tsoho in duba." Ya ce, "Za ka wanke shi ne? An daɗe ba a taɓa ba." Na ce a'a. Na zauna a zaure na zare shi, na share ƙurar da tsohuwar farar riga, na ɗiga man keken ɗinki a wani ƙyallen na bi shi sau biyu. Baƙaƙen tabo sun fito a wurare da dama, ban taɓa su ba. Da na karkata shi ga hasken ƙofa, jinjirin wata ɗaya yana nan, da ƙyar, ƙahonsa na sama da ɗan abin da ya yi kama da ido. Na biyun ban same shi ba. Na kira ɗan yayana, mai shekara goma sha biyu, na nuna masa wurin, na ce ya riƙe ta ƙota, na ba shi kwalbar man.